A Ja Mana Rai, Amma Kada a Daɗe

Ana jibi ɗaurin auren ɗiyar yayata a Mabera, mu shida ne a ɗaki, kowa ƙafa a miƙe an naɗe da leda, hannuwa ma an zane su da lalle, babu mai iya taɓa komai. Wayar ƙanwar amarya aka jefa cikin kwanon silba don murya ta ƙara fita, wani mai karanta littattafai a YouTube yana karanto mana shafin ƙarshe na labarin da muka shafe kusan wata huɗu muna bi. Sunan littafin da na marubuciyar zan bar su a cikina. Ya isa a ce duk wadda ke ɗakin nan, ko daga barci aka tashe ta aka tambaye ta wa ya fi iya labari, sunan nan za ta kira.

Labarin irin wanda aka sani ne. Saurayi mai dukiya ya auri yarinya don ya rama kisan ɗan'uwansa da yake zargin mahaifinta ya yi, ya ajiye ta a gida yana gana mata azaba, ashe kawunsa da ya rene shi ne ya yi aika-aikar. Gaskiya ta fito, ya durƙusa ya yi kuka, ta yafe. Mai karatu ya ce alhamdulillahi, nan littafin ya ƙare.

Gwaggo ce ta fara magana, ita da ko karatun boko ba ta yi ba, da kunne take bin labari.

"Shi ke nan? Hawaye biyu an yahe mai? Yarinyag ga shekara ukku tana haɗiyar baƙin ciki, shi ko ko zazzaɓi bai yi ba!"

Ƙanwar amarya, wadda ke aji biyu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta ce, "Haba Gwaggo, ai bai sani ba na. Ruɗin shi anka yi."

"Bai sani ba? Hannunai ma bai sani ba sa'ad da yam mare ta?"

Mai lalle kuwa ko kanta ba ta ɗaga ba, tana goge bakin ledar zanenta ta ce, "Ni dai kuɗɗina ni ka ji. Ɗari biyat nib biya in ga an ɗaure kawun ga gaban alƙali, sai anka ce mota ta kaɗe shi. Mota mi tas sani?"

An kai la'asar ana wannan gardama. Abin da na lura da shi, cikin su babu wadda ta ce uffan a kan zubin labarin ko salon marubuciyar, babu wadda ta ce Hausar ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Shari'a aka zauna yi: wa ya cancanci yafiya, wa aka yi wa sassauci, wa ya tsere wa hukunci. Na daɗe ina sauraren ra'ayoyin masu karanta littattafan soyayya masu cakwakiya a garin nan, a gidan biki, a ɗakin malamai, a layin awo, kuma kusan kullum nan maganar take komawa. Mai karatun Hausa alƙaliya ce kafin ta zama mai nazari, kuma wanda bai fahimci haka ba zai yi ta mamakin yadda mace za ta zagi ƙarshen littafi da rana, da dare ta tura kuɗin sabon da marubuciyar ta fara.

Dalilin yana cikin yadda ake jan rai a irin waɗannan littattafai. Yayyenmu maza da suka taso da littattafan James Hadley Chase sun saba da wani nau'in jan rai: an ɓoye maka abu, kana bin sawu, sai can ƙarshe a buɗe. A namu littattafan ba kasafai ake ɓoye wa mai karatu komai ba. Tun shafi na goma kin ga kishiya ta je wurin boka. Kin ga an musanya jariri a asibiti. Kin ga wanda ya zuba guba a kunu, kin ga inda aka binne takardar gado. Jarumar ce ba ta sani ba, mijinta ne bai sani ba. Ke kina zaune da gaskiya a hannu kamar garwashi, ba ki da hanyar miƙa ta ga mai buƙata, kina kallo ana zaluntar marar laifi. Tambayar da ke hana ki barci ita ce yaushe asiri zai tonu, a gaban wa, kuma me za a yi wa mai laifin.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Yaron da ake yi wa tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ya san tun daga "ga ta nan ga ta nanku" cewa 'yar bora ce za ta auri ɗan sarki. Bai hana shi riƙe numfashi ba, domin jiran sakayya yake yi. Ko cikin littattafan farko da suka biyo bayan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, akwai Jiki Magayi, wanda ƙashin bayansa shi ne mai kuɗi ya raba saurayi da budurwarsa, saurayin ya shiga duniya neman hanyar ramuwa. So da fansa tare suka shigo rubutun zube na Hausa. Abin da marubutan yau suka ƙara shi ne bindiga, jami'in sirri, kamfanin da ake rikicin gadonsa, da gwajin jini da ke tona asalin yaro.

To idan jiran sakayya ne ke riƙe mai karatu, sana'ar marubuciya ita ce jinkirta sakayyar. Nan ne cinikin ya zama mai wuyar sha'ani. Mai karatu tana biyan kuɗi don a ja mata rai, kuma ita ce mai ƙorafin an ja mata rai. Idan asiri ya tonu da wuri, a ce labarin ba shi da gishiri. Idan ya daɗe, a ce ana wasa da hankalin mutane. Marubuciyar da mace ke kira "tawa" ita ce wadda ta san daidai inda igiyar haƙurinta take tsinkewa, ta tsaya taku ɗaya kafin nan.

A da, tazara ce ke kare marubuci daga wannan ja-in-ja. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara masu iya karanta Hausar boko, waɗanda suka girma suka tarar babu abin karantawa sai littattafan da aka wajabta a aji. Manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, sai matasa, yawancinsu a Kano, suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu. Jari bai isa a buga labari sukutum ba, shi ya sa ake raba shi na ɗaya, na biyu, na uku: a sayar da na ɗaya, a buga na biyu da cinikin. Yanke labari a daidai inda jaruma ta buɗe ƙofa ta ga abin da ya sa ta ƙwalla ƙara, a rubuta "mu haɗu a littafi na biyu", dabara ce da talauci ya koyar kafin ta zama salo.

Mu a Sakkwato sai dila ya kawo daga Kano. Ina tuna wani ɗan shagon haya da ke kan hanyarmu ta komawa gida daga makaranta, littattafai a jere a kan igiya kamar shanya, kowanne an lulluɓe bangonsa da leda an ɗinke gefensa da zare don kada ya warwatse. Mai shagon yana da wani tsohon littafin rajista da yake rubuta suna da unguwa. Ra'ayin masu karatu a lokacin a jikin littafin yake. Ki buɗe ki tarar wata ta rubuta da jan biro a gefen shafi, "Allah ya isa tsakanina da ke Hajiya", wata ta zo daga baya ta ƙara a ƙasa, "amin". Shafin da aka fi so shi ya fi datti, har da ɗigon manja. Wani lokaci ki kai ƙarshe ki tarar an yage ganye biyu na ƙarshe, wata ta ajiye abinta, sai ki bi ƙawaye kina tambayar yadda aka ƙare. Wadda abin ya ci wa rai sosai takan rubuta wasiƙa zuwa adireshin da ke bayan littafin, wasu marubutan ma sukan buga irin waɗannan wasiƙu a littafinsu na gaba. Amma kafin wasiƙa ta tashi daga Sakkwato ta isa Kano, labari ya riga ya shiga injin buga littafi. Mai karatu na iya yin Allah ya isa, ba ta iya canza komai.

Yanzu tana iyawa. Wannan shi ne babban sauyin da waya ta kawo, ya fi batun takarda da allo nesa ba kusa ba. Littafi a yau yawanci shafi-shafi yake fita. Marubuciya ta saki shafukan ɗanɗano kyauta a Facebook ko Wattpad ko zaurukan WhatsApp, idan labari ya kama mutane ta ce daga nan na kuɗi ne, a tura ta banki ko a tura katin waya, a nuna shaidar biya, a sa mutum a zaure. Daga nan kullum ko bayan kwana biyu sabon shafi na sauka, kuma kafin ta rubuta na gobe ta karanta abin da aka ce a kan na yau. Da yawansu ma sharaɗi suke kafawa: in ba a yi sharhi ba, babu ci gaba. Ita ta nemi a yi magana, kuma maganar da za ta ji ta ɗaruruwan mata ce waɗanda kowacce ta biya, kowacce tana jin tana da haƙƙi a kan makomar jaruma.

Zaure yakan rabu gida biyu, 'yan bayan wannan saurayi da 'yan bayan wancan, a yi ta musayar baƙar magana kamar lokacin zaɓe. Wasu su yi rantsuwa in aka aura wa jaruma wane sun bar karanta marubuciyar har abada. Wasu su bi ta ta saƙon sirri suna roƙo kada a kashe wance. Marubuciya mutum ce, kuma wannan ne abincinta. Sau nawa muka ga mugun da aka gina tun farko don ya zama mugu, saboda an siffanta shi da kyau da ƙasaita mata sun so shi, sai ga shi a tsakiyar littafi an nemo masa uzuri, an ce ashe asiri aka yi masa? Sau nawa aka ta da wanda ya mutu, aka ce ashe ba gawarsa aka binne ba? Mai karanta littafin daga baya, a dunƙule, sai ta ga ɗinki ya karkace ta rasa dalili. Dalilin yana cikin zauren da ba ta shiga ba.

A nan nake ganin masoya ke cutar wadda suke so ba su sani ba. Jan rai ba ya rayuwa sai marubuciya na da ikon ƙin ba ki abin da kike so a lokacin da kike so. Ranar da kika tabbata cewa in kun taru kun yi kuka za a fasa kashe jarumi, daga ranar kin daina jin tsoro, kuma littafin cakwakiya da ba ya ba da tsoro ya zama hirar soyayya kawai mai tsawo. Waɗanda suka daɗe ana yayinsu, in kika duba, su ne masu taurin kan da za su bar zaure ya yi ta kururuwa su bi hanyar da suka shata. Ana zaginsu mako guda, ana tuna littafin shekara goma.

Sai dai ban ce duk ƙorafin mai karatu son zuciya ba ne. Maganar Gwaggo ta fi ƙarfin a share. Jarumin da ke wulaƙanta mace rabin littafi, ya mare ta, ya kulle ta, ya hana ta ganin iyayenta, sannan a wanke shi da kuka da kyautar mota, ya yi yawa a littattafan nan har ya zama kamar farilla. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ra'ayi ke rabuwa a kansa. Da na ɗauka 'yan mata masu boko ne za su ƙi shi, manya su ce a yi haƙuri. Sau da yawa akasin haka nake gani. Budurwa tana kallon miskilancinsa a matsayin ado, tana jiran ranar da zai karye a gaban jaruma, domin a wurinta wannan karyewar ita ce nasara. Matar da ta yi shekara talatin a ɗaki ta san cewa mai mari ba ya dainawa don ya yi kuka sau ɗaya. Ita ba ta ƙi a yafe ba, ai addini ma ya kwaɗaitar da yafiya. Abin da take nema shi ne a biya farashi: ya nema ya rasa, ya yi jinya, iyayen yarinya su juya masa baya, ya ɗanɗana ko da rubu'in abin da ya shayar. In aka ba da yafiya a arha, sai ta ji kamar an ce nata haƙurin ma ba shi da daraja. Littafin take zagi, amma ba a kan littafin kaɗai take magana ba.

Ƙorafin mai lalle ma yana da tushe. Haɗarin mota, hauka, shanyewar ɓarin jiki, gobara: su ne 'yan sandan littattafanmu. Marubuciya ta ƙulla makirci na wata uku, ta rasa yadda za ta warware shi ta hanyar bincike da hujja, sai ta miƙa mugu ga babbar mota. Wasu masu karatu na gamsuwa, su ce alhaki ne, kuma akwai gaskiya a ciki, domin mutanen da ba su saba ganin kotu ta kama mai ƙarfi ba sun fi yarda da hukuncin da ya sauko daga sama. Amma akwai masu karatu da yawa yanzu da ke son su ga yadda aka kama shi, wace shaida ce ta tona shi, wa ya yi ƙarfin halin tsayawa ya faɗa. Suna son jarumar ta sa hannu a cetonta, ba ta zauna kan sallaya tana kuka har mota ta gama aiki ba. Addu'a da ƙoƙari ai ba kishiyoyi ba ne.

Akwai kuma wani wuri da ra'ayin mai karatu a Sakkwato ya fara bambanta da na wasu, kuma ban ga marubuta sun lura ba. Satar mutum tsohon makami ne a littafin cakwakiya. A sace jaruma a kai ta wani gida a bayan gari, shugaban masu satar ya kasance kyakkyawa mai fama da ciwon zuciya, a hankali so ya shiga tsakani. Shekarun baya ana karanta wannan kamar yadda ake kallon fim ɗin Indiya, abu ne na nesa. Yau a jihar nan, wanda ke da dangi a Isa ko Sabon Birni ko Goronyo ko Rabah ya san yadda ake karɓar kiran waya daga daji, ya san yadda ake sayar da gona da shanu a haɗa kuɗin fansa, ya san halin da mace ke dawowa a ciki in ta dawo. Wata abokiyar aikina da iyayenta suka baro ƙauyensu suka dawo zama wurinta a cikin gari ta gaya mini ta ajiye wani littafin marubuciyar da ta fi so a daidai shafin da jaruma ta fara jin ƙamshin turaren wanda ya sace ta.

"Malama, wa ac cikin daji da turare?" ta ce da ni. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba cewa nake kada a rubuta garkuwa da mutane ba. A rubuta, ai abin da ke cin mu ne. Amma wadda za ta rubuta ta san cewa cikin masu biyanta akwai wadda abin ya shiga gidansu, kuma wannan ba ta neman a mayar mata da shi zuma.

Ƙaramin ƙorafi kuma, wanda ake yi da dariya amma yana nan: ina muke a cikin littattafan? Jarumi ɗan Kano ne ko Abuja ko Kaduna, karatu a Ingila, hutun amarci a Dubai. Hausar Kananci ce gauraye da Turanci. In kika ji "mi kac ce" ko "munka tahi" a littafi, to kaka ce 'yar ƙauye da aka kawo don a yi dariya, ko mai gadi. Ban taɓa jin wadda ta daina karatu saboda haka ba, mun saba, daidaitacciyar Hausa ma da ita muka yi jarrabawa. Amma garin da ke da Hubbare da Kanwuri, da tsofaffin gidajen sarauta da na malamai masu zaure bakwai, da kasuwancin ƙetare ta Illela zuwa Ƙonni, ba zai rasa sirrin da za a gina littafi uku a kai ba. Marubutan da muke da su a nan ma da yawansu Kano suke kai jarumansu, wai don kasuwa.

Batun batsa ba zan daɗe a kai ba, don an fi yin magana a kansa fiye da komai. Tun shekarun 1990 da manazarcin adabi Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da wasu suka tsaya musu a shafukan jaridu, zargin ɓata tarbiyya bai taɓa sauka daga kansu ba. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafai a bainar jama'a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Waɗancan littattafan da aka ƙona, in aka ajiye su kusa da wasu da ke yawo a waya yau, sai su zama kamar littafin koyon alwala. Hukuma ba ta iya shiga zauren WhatsApp, don haka tacewar ta koma hannun masu karatu, kuma suna yi. Cikin manyan dalilan da mace ke ba ki na fifita marubuciya akwai "ba ta rubuta shirme, ko gaban ɗiyata sai in saurara". Wannan ma'auni na kunne ne. Tun da karatun littafi ya koma murya, ana jin sa a tsakar gida ana tsintar shinkafa, abin da ido zai haɗiye a ɓoye kunne ba ya iya ɗauka a cikin mutane. (Mata su taru a ji abin da wata mace ta rubuta ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ɗinta, wato matan da ta koyar don su koyar, da waƙoƙi suna karanta wa 'Yan Taru, matan da ke taruwa ɗaukar karatu, a ƙauyuka. Ba ina haɗa darajar abin da ake karantawa ba ne, Allah ya kiyaye. Zaman ne iri ɗaya.)

Abin da ya fi ba ni dariya a soyayyar mai karatu da marubuciyarta shi ne yadda take da kaifi a waje, da sassauci a ciki. A ɗakinmu na Mabera an yi wa marubuciyar nan tatas. Amma da wata baƙuwa daga dangin ango ta shigo ta ce ita fa ba ta ga abin da ake gani a rubutunta ba, duk littattafanta kamanninsu ɗaya, sai ɗakin ya haɗe mata kai, har Gwaggo. An ce hassada ce, an ce ba ta karanta na farko-farkon ba. Alhali gaskiya baƙuwar ta faɗa: jarumi miskili, jaruma marainiya, sirrin asali, kawu ko kishiyar uwa. Sai dai abin da baƙuwar ta kira aibi shi ne abin da masoya ke saye. Mai zuwa wurin mai waina ɗaya shekara biyar ba sabon ɗanɗano take nema ba. Shi ya sa yabon masoya ba ya gaya miki ko littafi ya yi kyau, yana gaya miki ne ko marubuciya ta cika alkawarin da ta saba cikawa. In kina son sanin inda littafi ya yi rauni, saurari ƙorafin da suke yi in babu baƙo.

Kuma son bai hana cin amana ba. Kusan kowane shafi na littafin kuɗi yana farawa da gargaɗi: wadda ta fitar da shi waje ba a yafe mata ba. Duk da haka kafin gari ya waye ya zaga zauruka goma, wani ya tattara shi ya mayar da shi murya yana samun nasa a YouTube, sau da yawa ba da izinin mai shi ba. Cikin mu shida da muka zauna shari'ar nan, mai lalle kaɗai ta biya. Sauranmu a kwanon silba muka ji, muna ta yanke hukunci a kan wanda ya ci haƙƙin marainiya.

Da aka zo wanke lalle, ƙanwar amarya ta duba wayarta ta ce marubuciyar ta saki ɗanɗanon sabon littafi, shafi biyar, kuma wannan karon dubu ɗaya ne. Gwaggo tana goge ƙafa da tsumma ta tambaya ko shi ma akwai irin wancan yaron a ciki. Aka ce mata soja ne, an kashe matarsa ta fari, ba a san wanda ya kashe ta ba.

"Ƙanenai na," in ji Gwaggo. "Ku aje maganata. Ɗiyata, ɗauko jikkata bisa gado, ki tura mata kuɗɗin, kak ku sa mu cikin Allah ya isa. Sa muna shahin hwarko mu ji."